Yadda ake haɗa ƙaramin bututun gwajin iska domin ganin yadda fiffike ke ɗagawa

Wahalar koyon ilimin gudanar iska ita ce iskar ba ta ganuwa. Mutum zai iya haddace duk lissafin da ke cikin littafi, amma sai ranar da ya ga zaren hayaƙi ya bi gadon bayan fiffike, ya kai wani wuri ya sake shi ya watse, sannan abin yake zama masa a kai. Gani ya kori ji. Shi ya sa masu ƙera jirgin sama tun farko suka koma ga bututun gwajin iska: maimakon fiffike ya ratsa iska, sai a kafe shi wuri ɗaya a sa iska ta ratsa shi. Sakamakon ɗaya ne, domin abin da ke aiki a kan fiffike shi ne saurin da iska ke wuce jikinsa, ko wane ne daga cikinsu ke motsi. Francis Wenham ya gina irin wannan bututu a Ingila a 1871. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun haɗa nasu na katako a Dayton ta Amurka a 1901, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 a cikinsa, kafin su tashi a ranar 17 ga Disamba 1903. Wanda za mu haɗa a nan bai kai nasu ƙarfi ba, amma zai nuna maka duk abin da ke faruwa a ƙaramin gudu.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka ɗauki almakashi

Idan an ce ƙaramin gudu, ana nufin duk gudun da bai kai kusan kashi 30 cikin 100 na saurin sauti ba. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya, saboda haka iyakar tana wajen mita 100 a sakan, wato kilomita 360 a awa. A ƙasa da haka iska ba ta matsuwa yadda za a damu. Canjin nauyinta bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sai a ɗauke ta kamar ruwa wanda ba a iya dannewa. Nauyin iska a bakin teku, a zafin digiri 15, kilogiram 1.225 ne a kowace mita kubik. Yana raguwa da zafi da kuma tsayin wuri, don haka a lissafinmu za mu yi amfani da 1.2.

Daga wannan ƙa'idoji biyu ke fitowa, kuma su ne za su tsara fasalin bututun. Ta farko: iskar da ta shiga dole ta fita. Idan hanya ta ƙuntata, saurin ya ƙaru daidai gwargwadon ƙuntatar. Girman bakin hanya (faɗi sau tsayi) sau sauri ba ya canjawa. Ta biyu ita ce wadda ake jingina wa Daniel Bernoulli, wanda ya buga aikinsa kan gudanar ruwa a 1738: a kan layin gudana guda, inda sauri ya ƙaru matsi yana raguwa, inda sauri ya ragu matsi yana ƙaruwa. Abin da aka rage daga matsin shi ake kira matsin gudu, kuma lissafinsa shi ne rabin nauyin iska sau sauri sau sauri. A mita 5 a sakan: 0.5 × 1.2 × 5 × 5, wato faskal 15 (da faskal ake auna matsi). Ka riƙe wannan 15 ɗin, za mu yi ta komawa gare shi.

Mataki na 1: tara kaya

Kana buƙatar kwali mai tauri da yawa, gam, salatif mai faɗi, wuƙar yankan kwali, rula, ma'aunin kusurwa, falle ɗaya ko biyu na robar da ake gani ta cikinta, ragar taga, fankar zuƙe iska mai faɗin santimita 30, ƙaramin sikelin lantarki mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, siririn tiyon roba, turaren tsinke, zaren ɗinki, tocila, da siririn fallen alminiyam na yin fiffike. Fankar ce za ta yanke maka iyakar gudu. Ɗakin gwajin da za mu yi, wato akwatin da za a kafa fiffike a ciki, santimita 20 ne sau 20, wato 0.04 na murabba'in mita. Don samun mita 5 a sakan sai fanka ta ja mita kubik 0.2 a sakan, wato 720 a awa. Duba rubutun da ke jikin fankar, ka zaɓi wadda ta zarce haka da kyau, domin adadin da kamfani ke rubutawa na fankar da babu abin da ya tare mata hanya ne.

Mataki na 2: ɗakin gwaji

Yi akwati marar baki da gindi, faɗi 20, tsayi 20, tsawo santimita 40. Gefen da ke fuskantarka ya zama na roba mai gani, haka ma rufin sama idan da hali, saboda ta nan za ka haska tocila. Bangon baya ka shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli ko ka liƙa baƙar takarda. Farin hayaƙi ba ya fitowa a kan kwali ruwan ƙasa. Rufin ya zama mai buɗewa, ka riƙa like shi da salatif. Duk wani haɗi da tallafi a yi shi daga waje. Ciki ya zama sumul, domin ko bakin salatif da ya ɗago yana iya ɓata gudanar iska a bayansa.

Mataki na 3: mashiga, inda mafi yawan aikin yake

Iskar ɗaki cike take da ƙananan juye-juye da ido ba ya gani. Idan ta shiga ɗakin gwaji a haka, hayaƙinka zai watse tun bai iso fiffike ba. Mashigar tana da aiki biyu: ta miƙar da iskar, sannan ta matse ta.

Fara da akwatin kwantar da iska, 50 sau 50, tsawo santimita 25. A bakinsa na waje ka cika shi da saƙar ƙananan ramuka masu kallon gaba, waɗanda za su hana iska tafiya a karkace. Tsawon kowane rami ya kai faɗinsa sau 6 zuwa 8. Mutane da yawa kan yanka tsinken shan lemo mai faɗin milimita 6 zuwa guntaye na santimita 4, su jera su. Yana aiki sosai, sai dai cika 50 sau 50 zai ci guntaye kusan 8,000, abin da ke gajiyar da mutum tun bai je ko'ina ba. Hanya mafi sauƙi a ganina ita ce kwali mai ramuka a tsakiyarsa: yanka shi falle-falle masu faɗin santimita 3 zuwa 4, yankan ya gitta ramukan, ka ɗora su a kan juna har akwatin ya cika. Ka yi amfani da wuƙa mai kaifi sosai don kada bakin ramukan ya murƙushe. Bayan saƙar, ka ɗaura ragar taga biyu, tsakaninsu santimita 5 ko fiye, a miƙe tsam babu lanƙwasa. Raga tana daidaita sauri: inda iska ta fi gudu ta fi fuskantar tirjiya, sai ta bazu zuwa inda ba ta da gudu.

Sai mazurari, wanda zai sauko daga 50 sau 50 zuwa 20 sau 20 a cikin tsawon kusan santimita 50. Girman bakin ya ragu sau 6.25, saboda haka iskar da ke shigowa a mita 0.8 a sakan za ta isa ɗakin gwaji a mita 5. Amfanin haka biyu ne. Saƙa da raga suna aikinsu a inda iska ke tafiya a hankali, ba sa cinye ƙarfin fanka; sannan matsewar kanta tana miƙar da ragowar hargitsin. Gefunan mazurarin kada su zama miƙaƙƙu masu kusurwa. Su lanƙwasa a hankali, su fara a miƙe, su shigo ciki, su sake miƙewa kafin su haɗu da ɗakin gwaji. Yanka ɓangarori huɗu iri ɗaya daga kwali siriri mai lanƙwasuwa, ka haɗa gefunansu da salatif daga waje. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarshen da ke haɗuwa da ɗakin gwaji: a nan kada a sami tudu ko kwari ko na milimita ɗaya.

Mataki na 4: mafita da fanka

Fanka a ƙarshe take zama, tana zuƙa. Idan ka sa ta a gaba tana hurawa, juyin da fukafukanta ke bai wa iska zai faɗa kai tsaye kan abin da kake gwadawa. Wannan tsari na zuƙa daga baya shi ake kira da sunan Gustave Eiffel, mai hasumiyar Paris, wanda ya gina bututun gwaji a birnin a 1909, ya kuma gina wani mafi girma a 1912.

Tsakanin ɗakin gwaji da fanka ka yi hanya mai buɗewa sannu a hankali, daga 20 zuwa 30 a tsawon santimita 80, wato kowane gefe ya karkata da digiri 3.5 ko kusa da haka. Za ka so ka gajarta ta don wuri, amma ka daure. A cikin wannan hanya iska na rage gudu, matsi na ƙaruwa, wato tana hawan tudu ke nan; idan tudun ya yi tsaye da yawa sai ta saki bango, gudu a ɗakin gwaji ya riƙa hawa da sauka. Kusa da fanka ka yanka 'yar taga mai murfin zamewa. Idan ka buɗe ta fanka za ta sha iska ta nan, gudu a ɗakin gwaji ya ragu, ka sami hanyar sarrafa sauri ba tare da taɓa wayar lantarki ba. Ka rufe bayan fanka da raga saboda yatsu.

Ajiye bututun a tsakiyar ɗaki, bakinsa nesa da bango da aƙalla mita ɗaya. Kashe fankar sama, rufe tagogin da ke kawo iska lokacin aunawa.

Mataki na 5: auna sauri

Idan kana da ƙaramin ma'aunin iska na hannu, to ka huta. Idan babu, dabarar da Henri Pitot ya yi amfani da ita a 1732 wajen auna gudun kogin Seine tana nan daram. Lanƙwasa siririn bututu bakinsa ya fuskanci iska a tsakiyar ɗakin gwaji; shi ake kira bututun Pitot. Iskar da ta daki bakinsa tana tsayawa cak, matsinta ya hau. Huda wani ƙaramin rami sumul a jikin bango daidai wannan wuri, ka liƙa masa tiyo daga waje. Bambancin matsin biyun shi ne matsin gudu.

A nan ne gizo ke saƙar: faskal 15 milimita 1.5 kacal yake ɗaga ruwa, domin milimita ɗaya na ruwa faskal 9.8 ne. Ido ba zai karanta wannan daidai ba. Mafita ita ce a kwantar da ma'aunin. Sami kwalba mai faɗi da murfi, ka zuba ruwa mai launi, ka fito da siririn tiyo daga gindinta ka kwantar da shi a kan katako mai hawan santimita 1 a kowane santimita 10. Tiyon bututun Pitot ya shiga ta murfin kwalba, na bango ya haɗu da ƙarshen tiyon da ke kwance. Yanzu milimita 1.5 zai zama tafiyar milimita 15 a kan rula. Ɗigon sabulun ruwa ɗaya yana hana ruwan maƙalewa a jikin tiyo. Lissafin a taƙaice: sauri a mita cikin sakan ya yi daidai da 4 sau tushen murabba'in tsayin ruwan a milimita. Tsayin tsaye ake nufi, wato abin da ka karanta a rula raba 10.

Mataki na 6: fiffike da lambar Reynolds

Kafin ka yanka fiffike, lissafa lambar Reynolds, domin ita ce za ta gaya maka irin fiffiken da ya dace. A 1883 a Manchester, Osborne Reynolds ya saki siririn zaren launi a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. A ƙaramin gudu zaren ya tafi a miƙe. Da ya ƙara gudu sai ya kai wani matsayi ya hargitse ya gauraye da ruwan. Abin da ke yanke hukunci shi ne gwargwadon ƙarfin tunkuɗar ruwan a kan danƙonsa. Ga iska, lissafin shi ne sauri sau faɗin fiffike, a raba da 0.000015. A cikin bututun ruwa hargitsi kan fara a wajen 2,300. A kan shimfiɗaɗɗen falle sumul kuwa sai wajen 500,000.

Fiffikenmu zai zama mai faɗin santimita 8 daga goshi zuwa wutsiya, tsawo santimita 19. A mita 5 a sakan lambar ta kama kusan 27,000. Ƙaramin jirgi mai fiffike faɗin mita 1.5 da ke gudun mita 50 a sakan yana da miliyan 5. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na ba da shawarar fara gwaji da kwaikwayon fiffiken jirgi mai kauri, irin NACA 2412 wanda kaurinsa kashi 12 cikin 100 na faɗinsa ne. A miliyoyi yana aiki lafiya. A 27,000 iska kan sake shi da wuri, ya ba ka sakamakon da zai sa ka zargi bututunka alhali ba shi da laifi. A irin wannan ƙaramar lamba siririn falle mai ɗan lanƙwasa ya fi shi. Yanka alminiyam 8 sau 19, ka danna shi a kan bututu mai faɗi har tsakiyarsa ya ɗago da milimita 4 zuwa 5. Yanka wani ka bar shi a miƙe don kwatantawa. Kada ka ƙara faɗin: a digiri 15 wannan fiffike ya riga ya tare kusan kashi 10 cikin 100 na hanyar iska, kuma fiye da haka bango zai fara shiga cikin sakamakon.

Mataki na 7: hayaƙi da zare

Buɗe tagar kusa da fanka har gudu ya sauko zuwa mita 1 ko 2 a sakan. A sama da haka hayaƙin turare yakan yi siriri ya ɓace. Riƙe tsinken turare biyu ko uku a gaban saƙar mashiga, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga sama ta siririyar tsaga. Garwashi da kwali ba sa shiri, don haka kada tsinken ya taɓa saƙar, kuma ka sha iska tsakanin gwaji da gwaji.

Fara da bututu babu komai a ciki. Idan zaren hayaƙi ya ratsa ɗakin gwaji a miƙe, aikinka ya yi. Idan yana rawa, nemi inda iska ke satar shiga ko inda raga ta saki.

Yanzu sa fiffike mai lanƙwasa a digiri 4. Abubuwa uku za ka lura da su. Tun kafin hayaƙin ya iso goshi yana ɗan ɗagowa sama. A kan gadon baya layukan suna matsowa kusa da juna, alamar sauri ya ƙaru, matsi ya ragu. Bayan wutsiya kuma duk iskar ta karkata ƙasa. Waɗannan fuskoki ne na abu guda: fiffike ya tura iska ƙasa, iska ta tura shi sama kamar yadda dokar Newton ta uku ta tanada, kuma hanyar da turin ke isa jikin fiffike ita ce bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa. Musun da ake yawan yi kan ko Bernoulli ne ya yi daidai ko Newton ɓata lokaci ne.

Akwai bayani ɗaya da ya kamata ka ƙaryata da idonka. Ana yawan cewa iskar sama tana sauri ne don hanyarta ta fi tsawo kuma dole ta haɗu da ta ƙasa a wutsiya lokaci guda. Babu dokar da ta wajabta wannan haɗuwa. Ka riƙa katse hayaƙin da ɗan kati, ka ɗauki bidiyo da wayarka a tsarin tafiyar hawainiya: ta sama ce ke riga isa wutsiya. Ballantana siririn falle, wanda samansa da ƙasansa tsawonsu ɗaya, kuma ga shi yana ɗagawa.

Sai ka ƙara kusurwa digiri biyu-biyu, idonka a kan gadon baya. Don gwaji a cikakken gudu, liƙa guntayen zare na santimita 2 a layi uku a saman fiffike. Muddin iska na manne, zaren na kwance yana kallon baya. Da kusurwa ta ƙaru, na kusa da wutsiya za su fara kaɗawa, sannan wasu su juya su kalli gaba, alamar iska na komawa baya a wurin. Ƙara kaɗan, sai rikicin ya mamaye saman gaba ɗaya. Wannan ita ce sarewar fiffike. A manyan jirage takan zo a wajen digiri 15. A bututunka ka sa ran ganinta kafin haka.

Dalilinta yana cikin wata siririyar shimfiɗa. Iskar da ke taɓa jikin abu ba ta motsi sam, tana manne da shi. Shi ya sa ƙura ke zama a kan fukafukan fanka duk gudun da suke yi. Daga wannan sifili sauri ke hawa har ya kai na iskar waje, kuma a fiffikenmu kaurin shimfiɗar a wutsiya bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ludwig Prandtl ne ya bayyana ta a wani taron masana lissafi a Heidelberg ta Jamus a 1904, ya warware ɗaurin da masanin lissafi Bafaranshe d'Alembert ya bari tun 1752, lokacin da lissafinsa na ruwa marar danƙo ya nuna cewa abu ba zai fuskanci tirjiya ba ko kaɗan. Daga tsakiyar gadon baya zuwa wutsiya matsi na ƙaruwa. Iskar cikin shimfiɗar ta riga ta gaji da gogayya, idan hawan ya fi ƙarfinta sai ta tsaya, ta juya, ta ɗage sauran iskar daga jikin fiffike.

Mataki na 8: auna ɗagawa

Huda ƙaramin rami a ƙasan ɗakin gwaji, ka zura siririn sandan ƙarfe. Ƙarshensa na sama ya riƙe fiffike da ƙusa mai juyawa don canja kusurwa, na ƙasa ya kafu a guntun katako mai nauyi da ke zaune a kan sikeli. Sanda kada ya taɓa bakin rami, fiffike kada ya taɓa bango. Ka bar milimita 5 kowane gefe. Ramin kada ya yi faɗi, domin matsin ciki bai kai na ɗaki ba, iska za ta riƙa kutsowa. Mayar da sikeli sifili fanka na kashe, sannan ka kunna. Ɗagawa za ta fito a matsayin ragin nauyi. Idan sikelinka ba ya son lambar da ke ƙasa da sifili, kifa fiffiken ya danna ƙasa. Lissafin bai canja ba.

Ɗagawa ita ce matsin gudu sau girman fiffike (faɗi sau tsawo) sau wata lamba da ake kira ma'aunin ɗagawa, wadda ta dogara da fasali da kusurwa. Girman namu 0.08 × 0.19 ne, wato 0.0152. Sau faskal 15 ya ba da 0.228 na niyuton, kusan nauyin giram 23. Saboda haka a mita 5 a sakan, raba abin da sikeli ya nuna da 23 ka sami ma'aunin: giram 18 na nufin kusan 0.8.

Auna daga digiri 4 ƙasa da sifili har zuwa 20, ka zana sakamakon a takardar jadawali. Sifili shi ne lokacin da goshi da wutsiya suke tsayi ɗaya daga ƙasan ɗakin gwaji. Miƙaƙƙen falle ba zai ba da komai a sifili ba, mai lanƙwasa zai ba da. Daga nan layin zai hau kusan a miƙe. Lissafin siririn fiffike ya ce ma'aunin na ƙaruwa da kusan 0.11 a kowane digiri, wato giram 2.5 a wurinmu. Naka zai gaza haka saboda iskar da ke zagayawa ta gefuna. Inda layin ya lanƙwashe ya daina hawa, duba zarenka, za ka tarar sun riga sun rikice. Sannan ka tsayar da kusurwa a digiri 4, ka auna a mita 2.5 da kuma 5: ninka sauri sau biyu ya kamata ya ninka ɗagawa kusan sau huɗu.

Mataki na 9: tirjiya, da gwaje-gwajen da suka biyo baya

Rataya guntun bututu mai kaurin santimita 2 da tsawon 15 a gicciye, da zare biyu daga rufi. Iska za ta tura shi baya. Tirjiya ita ce nauyinsa sau nisan da ya matsa, a raba da tsayin da yake rataye a ƙasa da rufi. Idan nauyinsa giram 30 ne, ya matsa santimita 1.5 a ratayar santimita 10, tirjiyar giram 4.5 ce. Yanzu liƙa masa wutsiyar takarda mai tsukewa a baya, ka sake auna nauyi, ka maimaita. Jikin da iska ke goga ya ƙaru, amma tirjiya za ta ragu, domin mafi yawanta daga ƙarancin matsin da ke bayan bututun take zuwa, inda iska ta saki jiki. Cire wutsiyar ka saki hayaƙi a mita 1 a sakan: za ka ga guguwoyi na fita bi da bi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kusan sau 10 a sakan daga kowane gefe. Ana kiran jerin da sunan Theodore von Kármán, kuma shi ne ke sa wayoyin lantarki kuka idan iska na kaɗawa.

Idan ka sassaƙa fiffike mai kauri daga baya, gwada wannan: liƙa zare mai ɗan kauri a tsawon samansa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗi daga goshi. Zaren zai hargitsa shimfiɗar da gangan, hargitsin ya jawo iska mai ƙarfi daga waje zuwa kusa da jiki, sai ta daɗe a manne. Sau da yawa a ƙaramar lambar Reynolds ɗagawa kan ƙaru da wannan 'yar dabara. Ramukan jikin ƙwallon golf aikin da suke yi ke nan.

Na ƙarshe, yanka fiffike mai tsawon santimita 10 kawai, gefunansa nesa da bango. Ɗaura zaren santimita 5 a kan siririyar wayar ƙarfe, ka kai shi bayan ƙarshen fiffike. Zai kama juyawa, domin iskar ƙasa mai matsi tana zagayowa ta gefe zuwa sama. Auna ɗagawarsa, amma ka sake lissafin faɗi: 0.08 × 0.10 sau faskal 15 kusan giram 12 ne, da shi za ka raba. Ma'aunin zai hau a hankali fiye da na dogon, sarewa ta zo a makare, tirjiya kuma ta ƙaru. Wannan asarar ce ta sa jiragen da ke shawagi ba inji suke da dogayen fikafikai sirara, ta kuma sa ake lanƙwasa ƙarshen fikafikan jiragen fasinja sama.

A duk awon da ka rubuta, ka sa sauri, zafin ɗaki da lambar Reynolds a gefensa. Yadda ɗagawa ke bin kusurwa da sauri, da yadda iska ke sakin jiki, duk za su yi daidai da na babban jirgi. Amma kusurwar sarewa, iyakar ma'aunin ɗagawa da adadin tirjiya na lambar 27,000 ne kawai; suna da amfani ga ƙaramin jirgin wasa ko farfelar ƙaramar fanka, kuma kafin ka kwatanta su da alƙaluman wani, ka fara duba ko a lambar Reynolds ɗaya kuka yi awon.